Leon Festinger: Masanin Da Ya Binciko Abin Da Ke Sa Mutum Ya Ƙi Gaskiyar Da Ya Sani

Mai karatu, da wuya a ce ba ka san wani mashayin taba da ya san illarta sarai ba. An faɗa masa a asibiti, ya ji a rediyo, yana ganin gargaɗi a jikin kwalin, amma gari na wayewa sai ya kunna wata. Ko kuma dattijon da aka auna aka ce yana da hawan jini, ya sha magani wata biyu ya ajiye, duk wanda ya yi masa magana kuma sai ya kawo hujjar da ta fi ta jiya. Mu likitoci muna haɗuwa da irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya, 'yan uwan majinyata kuwa su ke kwana da shi su tashi da shi. An saba kiran abin taurin kai ko jahilci. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka mai suna Leon Festinger ya shafe shekaru yana binciken wannan hali, ya kuma nuna cewa yana jikin kowa, mai ilimi da marar ilimi, har da likita. Sanin abin da ya gano zai iya sauya yadda kake magana da majinyacin gidanku, da yadda kake sauraren uzurin da zuciyarka ke kawo maka.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Festinger ranar 8 ga watan Mayu na 1919 a unguwar Brooklyn da ke birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha, mahaifinsa yana da masana'antar yin surfani a jikin tufafi. Ya gama digirinsa na farko a kwalejin birnin New York a 1939, daga nan ya wuce Jami'ar Iowa don ya yi karatu a hannun Kurt Lewin, babban malamin da ya baro Jamus a 1933 bayan Hitila ya hau mulki. A can ya kammala digirin digirgir a 1942. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin ƙididdiga a Jami'ar Rochester, a wani shiri na zaɓe da horar da matuƙan jirgin sama.

Da farko harkar zamantakewar mutane ba ta dame shi ba, lissafi da gwaji a ɗakin bincike suka fi jan hankalinsa. Sai a 1945, da ya bi malaminsa Lewin zuwa wata sabuwar cibiyar nazarin halayyar jama'a a jami'ar fasaha ta MIT, ya shiga fagen da ya yi suna a cikinsa. Ya shiga da wannan ɗabi'a ta mai lissafi: duk abin da aka faɗa game da zuciyar mutum, shi so yake a auna a gani.

Maƙwabcinka da ra'ayinka

Babban aikinsa na farko a kan gidajen da jami'ar ta gina wa ɗalibai magidanta ne, waɗanda suka dawo daga yaƙi. An raba musu gidajen ba tare da sun zaɓi maƙwabta ba. Da shi da abokan aikinsa Stanley Schachter da Kurt Back suka tambayi mazauna wurin su waye abokansu na kusa. Sai ga shi nisan ƙofa ne ya fi komai tasiri. Kashi 41 cikin ɗari na masu ƙofa kusa da ƙofa sun zama abokai, masu tazarar ƙofa biyu kashi 22, waɗanda ke ƙarshe da ƙarshen baranda ɗaya kuwa kashi 10 kacal. Sun kuma lura cewa mutanen da ke zaune a rukuni ɗaya sukan yi ra'ayi ɗaya game da ƙungiyar mazauna gidajen, wanda ya saɓa kuma yakan rasa abokai. An buga wannan bincike a 1950.

A 1954 ya ɗora da wani bayani: idan mutum ba shi da ma'aunin da zai gwada ra'ayinsa da shi, sai ya gwada da na mutanen da suka yi kama da shi. Duba wannan a harkar lafiya. Ra'ayinka game da allurar rigakafi, ko haihuwa a asibiti, ko tiyata, daga ina ka samo shi? Sau da yawa daga majalisar da kake zama ne, ko daga matan da kike haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, tun kafin wani ma'aikacin lafiya ya ce uffan.

Girgizar ƙasar Indiya

Bayan rasuwar Lewin a 1947, Festinger ya koma Jami'ar Michigan, a 1951 kuma ya koma ta Minnesota. A can ne, yana nazarin yadda jita-jita ke yaɗuwa, ya ci karo da wani rahoto da ya ɗaure masa kai. A watan Janairun 1934 an yi mummunar girgizar ƙasa a jihar Bihar ta Indiya. Wani masani ɗan Indiya ya tattara jita-jitar da ta biyo baya, aka ga cewa mutanen da suka ji motsin ƙasar amma ba su yi asarar komai ba, su ne suka riƙa yaɗa cewa wani bala'in da ya fi wannan yana tafe.

Me zai sa mutum ya ƙirƙiro labarin da zai ƙara tsorata shi? Amsar da Festinger ya kai gare ta ita ce, tsoron ya riga labarin zuwa. Mutanen suna cikin firgici, amma in sun duba gidajensu ba abin da ya rushe. Tsoro ba tare da dalili ba abu ne da zuciya ba ta iya zama da shi, sai ta samo masa dalili.

Daga nan ya gina bayanin da ya fitar a littafinsa na 1957, wanda za mu kira saɓanin zuci. Ga yadda yake a taƙaice. Idan abubuwa biyu da ke cikin kanka suka ci karo, misali abin da ka sani da abin da kake aikatawa, za ka ji wata damuwa. Wannan damuwa tana tura mutum ya nemi sauƙi kamar yadda yunwa ke tura shi neman abinci. Gwargwadon muhimmancin abin a wurinka, gwargwadon ƙarfin damuwar.

Misalin da shi kansa ya bayar na mai shan taba ne. A farkon shekarun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka fara fitar da hujjojin da ke danganta taba da ciwon dajin huhu. Mashayin da ya ji wannan labari yana da hanyoyi huɗu na samun sauƙi. Zai iya daina sha, wannan ce mafi wuya. Zai iya ƙaryata binciken. Zai iya ƙaro wasu hujjoji, kamar cewa taba na kwantar masa da hankali, ko in ya daina zai yi ƙiba. Zai kuma iya rage wa abin muhimmanci, ya ce ai kowa da sanadinsa. Festinger ya kawo sakamakon wani jin ra'ayin jama'a da aka yi a Minnesota a 1954, wanda ya nuna cewa masu shan taba da yawa su ne mafi ƙarancin yarda cewa an tabbatar da alaƙarta da ciwon daji. Labari ɗaya kowa ya ji, amma wanda labarin ya fi shafa shi ya fi ƙin sa. Ya ƙara da cewa mutum yakan guje wa duk bayanin da zai tayar masa da wannan damuwa. In ka taɓa ganin mai ciwon suga da ke ƙin a auna shi bayan kwanakin biki, ka ga wannan da idonka.

Daren da ambaliya ba ta zo ba

A ƙarshen 1954 Festinger ya ga wani labari a jarida. Wata mata mai suna Dorothy Martin, a wajen birnin Chicago, tana da'awar cewa wasu halittu daga wata duniya suna aiko mata da saƙo. Saƙon ya ce ranar 21 ga Disamba ambaliya za ta cinye yankin, amma wani jirgi zai sauko daga sararin samaniya da tsakar dare ya kwashe waɗanda suka gaskata. Wasu daga cikin mabiyanta sun bar ayyukansu, wasu sun rabar da kayansu. Babban na hannun damanta likita ne da ke aiki a asibitin wata kwaleji, ya kuma rasa aikinsa saboda wannan lamari.

Festinger da Schachter da Henry Riecken, tare da wasu da suka ɗauka aiki, suka shiga cikin ƙungiyar a matsayin mabiya don su ga abin da zai faru in ranar ta wuce. A daren, mutanen suka taru a falon matar, suka cire duk wani ƙarfe daga jikinsu, har zif ɗin wando, domin an ce ƙarfe ba zai shiga jirgin ba. Sha biyu ta buga, ba jirgi. Aka yi jugum har wajen ƙarfe biyar saura kwata na asuba, sannan matar ta sanar da sabon saƙo, cewa saboda zaman da suka yi an fasa halaka duniya. Waɗanda suka fi yin asara a kan wannan imani suka karɓi bayanin, har suka shiga kiran 'yan jarida. Mabiyan da suka yi jiran a gidajensu su kaɗai, ba wanda zai ƙarfafa musu gwiwa, yawancinsu sun saki ra'ayin.

An buga labarin a littafi a 1956. Masana da suka zo daga baya sun soki yadda aka yi aikin: ƙungiyar ƙarama ce, masu binciken da suka saje a ciki suna da yawa har kasancewarsu ta shafi abin da ya faru, kuma ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse. Don haka ba a ɗaukar labarin a matsayin cikakkiyar hujja. Abin da ya rage mai amfani a cikinsa shi ne tambayar da ya tayar: me ya sa wanda ya fi kashewa a kan abu ya fi wuyar sakin sa?

Ka auna wannan da iyalin da suka sayar da gona suka kai wa wani mai magani da ya yi alƙawarin narkar da ƙullutun da ke maman 'yarsu. Wata uku, ƙullutun sai girma yake yi. Komawa asibiti yanzu yana nufin amincewa cewa gonar ta tafi a banza, kuma an ɓata lokacin da ya fi gonar tsada. Ya fi wa zuciya sauƙi ta yarda cewa kumburin alama ce ta maganin yana aiki. Haka ake ƙara wata uku.

Dala 1 da dala 20

A 1955 Festinger ya koma Jami'ar Stanford, inda shi da ɗalibinsa Merrill Carlsmith suka yi gwajin da ya fi shahara, aka buga shi a 1959. An sa ɗalibai aiki mai gundura na awa guda: rabin awa suna jera kwarkwaron zare a faranti suna kwashewa, rabin awa kuma suna murɗa wasu 'yan turaku 48 a jikin allo, ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, sai aka roƙi wasunsu su faɗa wa mai jiran layi cewa aikin yana da daɗi. An biya wasu dala 1, wasu dala 20, wadda kuɗi ce mai kauri a wancan zamani. Daga baya wani mutum daban ya tambaye su yadda suka ji aikin a ransu.

Kai wa kake zaton zai ce aikin ya yi daɗi? Masana da yawa a lokacin sun ɗauka mai lada babba ne. Akasin haka ya fito. Waɗanda aka ba dala 20 sun ce aikin ba wani daɗi, kusan daidai da waɗanda ba a sa su faɗi komai ba. Waɗanda aka ba dala 1 su suka ce ya yi daɗi. Mai dala 20 yana da dalilin da zai ba kansa na yin ƙarya. Mai dala 1 ba shi da shi, kuma ba ya son ya ga kansa a matsayin wanda ke ƙarya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai zuciyarsa ta gyara labarin.

Ɗalibansa sun faɗaɗa wannan. Jack Brehm ya nuna a 1956 cewa in mutum ya zaɓi ɗaya cikin kaya biyu masu daraja kusan ɗaya, nan take wanda ya zaɓa yakan ƙara kyau a idonsa, wanda ya bari ya rage. Elliot Aronson da Judson Mills sun nuna a 1959 cewa wanda ya sha wuya kafin ya shiga ƙungiya ya fi yabonta. Mun saba ɗauka cewa ra'ayi ne ke haifar da aiki. Waɗannan gwaje-gwaje sun nuna cewa sau da yawa aikin ne ke fara zuwa, ra'ayin ya biyo shi yana kare shi. Har yau masana suna gardama a kan ƙarfin wasu daga cikin gwaje-gwajen da yanayin da abin ke faruwa a cikinsa, amma bayanin ya zauna a cikin ilimin halayyar ɗan Adam.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1964, yana kan ganiyar shahararsa, Festinger ya bar wannan fage ya koma binciken yadda ido ke motsi da yadda yake rarrabe launi. A 1968 ya koma garinsu New York yana koyarwa. A 1979 ya rufe ɗakin bincikensa, ya shiga nazarin tarihin mutanen farko, yana ziyartar wuraren da ake tono kayan tarihi, ya fitar da littafi a kan haka a 1983. Aikinsa na ƙarshe, wanda bai kammala ba, a kan abin da ke sa wata al'umma ta karɓi sabon abu wata ta ƙi ne.

Shi kansa, wanda ya koya wa duniya uzurorin mashayin taba, mashayin taba ne na tsawon shekaru. Sanin sunan hali ba ya fitar da mutum daga cikinsa. Ya rasu a New York ranar 11 ga Fabrairun 1989 sakamakon ciwon dajin hanta, yana da shekara 69.

Abin da wannan ke nufi gare ka

Idan kai ne majinyacin, ka lura da lokacin da hujja ta zo maka da sauƙi fiye da kima. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, jin garau ba shaida ba ce ta cewa ya tafi, kuma barin magani na iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Maganin tarin tibi yawanci na wata shida ne, ko da tarin ya tsaya tun a wata na biyu, yanke shi kuma na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. In ka ji zuciyarka na cewa kai naka daban ne, tambayi kanka: da wani ne ya kawo mini wannan hujja game da ɗana, zan karɓa? In kuma ka ga kana gudun awo, to lokacin awon ne ya yi. Kuɗin da ka riga ka kashe a hanyar da ba ta yi aiki ba sun tafi, ko ka ci gaba ko ka tsaya. Abin da ke hannunka shi ne lokacin da ya rage.

Idan kai ne mai jinya, ka sani cewa ƙara yawan hujja da ɗaga murya sukan ƙara wa mutum riƙo. Duk lokacin da ka tilasta wa mahaifinka ya kare matsayinsa a gaban 'ya'yansa da surukansa, ka sa ya sake furta shi da bakinsa, sakin sa kuma ya ƙara tsada. Ka same shi shi kaɗai. Ka tambaye shi abin da ke damunsa game da maganin, ka saurara har ya gama, domin wani lokaci akwai dalili na gaske: jiri, yawan fitsari, raunin mazakuta, ko tsadar maganin. Duk waɗannan likita na iya duba su ya sauya magani ko ya rage nauyi, in an faɗa masa.

Ka buɗe masa ƙofar da zai fito da mutuncinsa. Wanda ya kai 'yarsa wurin mai magani ya yi ne don yana son ta, kuma wannan son ne zai kai ta asibiti. In ka fara da cewa an cuce shi ko ya yi wauta, ka haɗa zuwa asibiti da amsa laifi. In ka nuna masa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da ya sani a lokacin, yanzu kuma ga mataki na gaba, ka raba su.

Ka bar shi ya faɗi dalilin da bakinsa. A 1983 wani masani mai suna William Miller, wanda ke aiki da masu matsalar shan giya, ya fitar da wata hanyar tattaunawa da ta ɗauki wani ɓangare na tunanin Festinger, yanzu kuma ana koyar da ita ga ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa. Maimakon a yi wa mutum lacca, sai a tambaye shi abin da ya fi daraja a rayuwarsa, sannan a tambaye shi yadda halin da yake ciki ya dace da wannan. Mutumin da ya ce burinsa ya ga auren autarsa, shi da kansa zai ji nauyin kwalbar maganin da ya ajiye. Saɓanin zucin da ya hana shi shan magani, shi ne kuma zai iya mayar da shi gare shi.

Ka nemi ƙaramin mataki da zai ɗauka da yardarsa: awo ɗaya a wannan mako, ko rage gishiri a miyar gidan gaba ɗaya don kada ya zama shi kaɗai aka ware. Darasin dala 1 ke nan. Abin da mutum ya yi ba tare da an matsa masa ba, yakan mayar da shi nasa. Ka kuma tuna da darasin maƙwabta. In akwai wani sa'ansa da yake girmamawa wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini yana harkokinsa lafiya, zama ɗaya da shi na iya yin abin da maganarka ta wata guda ba ta yi ba.

Wannan haƙuri yana da iyaka. Idan majinyaci ya sami ciwon ƙirji mai tsanani, ko karkacewar baki, ko raunin hannu da ƙafa na ɓari ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, ko mai ciki ta fara zubar da jini ko jijjiga, ba a tsayawa lallashi. A kai shi asibiti mafi kusa nan take, maganar ra'ayi ta jira sai ya farfaɗo.